Yadda Na Hana Kakanku Komawa Gindin Dutse

Ummi, ranar sunan 'yarki na ji abin da kika gaya wa ƙawarki a kicin. Kin ɗauka ƙarar injin markaɗe ta rufe miki murya, alhali ina bayan taga ina wanke hannu. Kika ce, "Ai Mama ce ta kori Kaka daga gidan nan." Ban tanka ba, domin gida cike yake da baƙi, kuma na san ba ke kika ƙirƙiro maganar ba. A bakin dangin babanku kuka tsince ta kuna yara, kuka girma da ita. To, ga shi zan rubuta muku yadda abin ya faru, ke da ƙannenki. Ban kori kakanku ba. Hana shi tafiya na yi, kuma har yau in na tuna yadda na yi hanin sai in ji fuskata ta ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Dole in fara da aikina, tunda shi ya ja ni cikin maganar. Ku da kwamfuta da taswira kuka san ni, amma da guduma na fara. Abin da na karanta shi ne duwatsu masu aman wuta, wato yadda narkakken dutse ke tasowa daga cikin ƙasa ya malala ya sandare, bayan zamani mai tsawo ya rududduge ya zama baƙar ƙasa mai albarkar noma. Ranar da na gaya wa Dada, mahaifiyata, abin da na zaɓa, tana zaune a tsakar gidanmu na Yola tana fifita. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Zafin Yola bai ishe ki ba, sai kin je neman dutse mai wuta?"

Na ce mata ai namu na ƙasar nan duk sun mutu tun kafin a yi mutane. Ta ce to ashe ta'aziyya zan riƙa zuwa. Daga ranar, duk wanda ya tambaye ta ina nake sai ta ce na tafi gaisuwar mutuwar duwatsu. Na je ƙasashen da nasu ke da rai, na tsaya a bakin rami ina shaƙar warin farar wuta har idona ya yi ja, kuma a can na koyi karanta hoton tauraron ɗan'adam. Aikin ba shi da wuyar faɗi. Ka ɗauki hoton wuri na bara, ka ɗauki na bana, ka jera su ka nemi abin da ya sauya, inda daji ya ja baya, inda kogi ya ci gaɓa, inda gari ya faɗaɗa. Da wannan na dawo koyarwa a jami'a a nan Yola, da shi na ci abinci har na yi ritaya. Ɗalibaina sun san ni da abu ɗaya, ba na yarda a kwaskware sakamako don ya yi daɗin ji. Abin da hoto ya nuna shi za ka faɗa, in ba haka ba ka maimaita shekara.

Kakanku kuwa na san shi tun kafin in san babanku. Ina ɗaliba aka tura mu kudancin Borno mu fasa duwatsu, aka sauke mu a ƙauyensu. Sunan garin da harshensu yake, kun san shi, mu dai a gida Gindin Dutse muke cewa. Yana ƙarƙashin wani tsohon dutse mai rami a ka, gefe ɗaya na ramin ya zube, ruwa na kwanciya a ciki har tsakiyar rani. Kakanku ne ya ba mu masauki, shi ke shiga gaba yana nuna mana hanya, kuma mutum ne mai son gardama. Da na ce masa wuta ce ta yi dutsen nan, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"In wuta ne ya yi shi, ina tokan?"

Na duƙa na damƙi ƙasar gonarsa na miƙa masa, na ce ga ta nan kana noma a kai. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dutse. A ƙwarya ɗaya muka riƙa cin gyaɗa, ina yi masa musu yana yi mini. Daga baya ɗansa mai shago a babbar kasuwar Jimeta ya zo gida ganin iyaye, muka haɗu, abin da Allah ya rubuta ya faru. Ranar da aka ɗaura aure aka rufe wannan hira. Ya zama surukina, ni kuma 'yar Dada ce, da kunyar Fulani aka yaye ni. Ban sake kallon fuskarsa ba, ban sake kiran sunansa ba, ga shi ko a nan ban rubuta ba. In ya zo Jimeta daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi kaina a ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon wani wuri. In akwai magana tsakaninmu sai ta bi ta bakin Goggo Hauwa, yayar babanku. Kada ku ɗauka abin ya dame ni. Haka ake yi, kuma ina jin daɗin a ce matar wane, duk da bokonta, ta san girman surukai.

Sai shekarar da mutanen daji suka watsa garuruwa, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta a ƙafa da bayan manyan motoci. Ku kuna ƙanana, abin da za ku tuna bai wuce an kwashe ku daga ɗakinku an mayar da ku nawa ba. Babu gidan da bai cika ba a unguwarmu Dubeli. Maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, malamar firamare, har a barandarta mutanen cocinsu ke kwana, ta kan katanga muke miƙa wa juna babbar tukunya. Kakanku ya iso tare da Goggo Hauwa, daga shi sai rigar jikinsa da buta. Aka ba shi ɗakin waje. Kullum da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, dattawan yankinsu su taru, cikinsu har da amininsa Malam Bukar, mai karantar da yara allo a garinsu. Ba ya cin abinci sosai. Ya ce wa Goggo Hauwa shinkafar Jimeta ba ta zama a ciki, na koma tuƙa masa tuwon dawa, nan ma ya ce dawar ba ta da nauyi.

Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, labari ya zo cewa sojoji sun karɓe babban garin yankinsu. Hirar ƙofar gida ta koma ta shuka. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan tafi aiki, Goggo Hauwa ta leƙo.

"Baba ya ce wai kina ganin gari daga sama. Ya ce ki duba masa namu."

Na ji daɗi ƙwarai. Tun da aka yi auren nan bai taɓa neman wani abu a wurina ba, ga shi yau aikin da Dada ke yi wa dariya shi ake nema. Na roƙi wani abokin aiki a waje ya turo mini sabon hoton yankin mai kaifi, na jera shi da na shekarar da ta gabata a ofis. A tsohon, ga jinkunan ɗakuna zagaye-zagaye, ga kwanon masallaci yana ƙyalli, ga rumbuna a jere bayan kowane gida. A sabon, jinka ko ɗaya babu. Bangaye ne tsaye baki buɗe, kana ganin cikin ɗakin mutum daga sama, rumbunan kuma sun zama baƙaƙen ɗigo. Na gane gidan kakanku da tsamiyar da muka ci gyaɗa a gindinta. Wannan ya sosa mini rai, amma ba shi ya tsorata ni ba. Abin da ya tsorata ni wata siririyar hanya ce da babu ita a tsohon hoton, ta fito daga dajin gabas ta miƙe har bakin ruwan dutse. Shanu ba sa yin hanya haka, tasu watsewa take yi. Wannan sawun babur ne, an bi an sake bi. Hoto ba ya nuna fuska, ba ya nuna bindiga, amma wasu na zuwa ɗibar ruwan nan a kan babur, kuma ba 'yan garin ba ne, tunda 'yan garin suna zaune a ƙofar gidana.

Da la'asar na gaya wa babanku komai, ban rage ba. Ya saurara yana murza gwiwa, ya tashi ya sami yayarsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Ita kuma ta ɗauki kwanon kunu ta nufi ɗakin waje. Ina kicin, bango ɗaya ne tsakaninmu, da Hausa ta yi maganar, ina jin don in ji ne.

"Ta duba, Baba. Ta ce an taɓa garin, amma da sauƙi. Dutse yana nan, ruwa yana nan."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi.

Na tsaya da ludayi a hannu, raina ya ɓaci. Ni da nake kayar da ɗalibi a kan ƙaramar kwaskwarima, ga sakamakona an yi masa wanka an shafa masa mai a cikin gidana. Na tare babanku a ɗaki.

"Wannan ne abin da na faɗa maka?"

"Maman Ummi, so kike in tsaya gaban mahaifina in ce masa gidansa ya zama toka?"

"So nake ka ce masa akwai sawun babur."

"Zan san yadda zan yi."

Yadda ya yi shi ne ya riƙa sammakon kasuwa yana kai wa magariba bai dawo ba, ranar nan kuma sai ga shi da sabuwar fartanya da takalmin roba da irin shuka, ya kai wa tsohon. Na koma wurin Goggo Hauwa, ta ce in bar wa Allah. Na ga kowa ya sa hannu ana shirya dattijo zuwa inda na san akwai haɗari, kuma a ganina tsoro ne kawai ya hana su buɗe baki. Har cikin raina na raina su a kwanakin nan, babanku ma bai tsira ba.

Washegarin ruwan farko mai ƙarfi aka kira keke zai kai shi tasha. An ɗora buhun iri da fartanya da tabarma, dattawa sun taru ƙarƙashin dalbejiya za a yi addu'ar sallama, babanku na tsaye gefe hannu a baya. Ni kuma na shirya zan tafi ofis, jakar kwamfuta a kafaɗa. Ba zan ce muku na zauna na yanke shawara ba. Na dai ga ƙafata ta wuce mota, ta ratsa takalman maza da ke zube a bakin tabarma, na durƙusa dab da kakanku, kusancin da ban taɓa yi ba tun ina ɗaliba. Na buɗe kwamfuta na ajiye a kan tabarmarsa. Na ɗaga kai na dube shi, sai na ga tsoho. Fuskar da na sani ta mai dariya a kan dutse ce, duk shekarun nan ban ga lokacin da ta shige ciki haka ba.

"Baba, ka gafarce ni. Abin da aka gaya maka ba shi na faɗa ba."

Da a nan na tsaya, da wataƙila da sauƙi. Amma bakin malami in ya buɗe sai ya kai ƙarshen darasi. Muryar aji ta zo mini, wadda ake ji har kujerar baya. Na sa yatsa a kan gilashi.

"Nan ne gidanka, ga tsamiya. Wannan ɗakinka ne, babu jinka. Waɗannan baƙaƙen rumbunanka ne, duk sun ƙone. Babu gida ɗaya mai rufi a garin."

"Maman Ummi, shiga gida," in ji babanku.

Ban shiga ba. Na nuna sawun babur, na bayyana yadda ake bambanta shi da na shanu, kamar wani ya tambaye ni. Sannan na juya wurin mai keke na ce ya sauke kayan, babu inda za a je. Mutumin ya dubi babanku.

"Oga, a sauke ne?"

Na tashi da kaina na janyo buhun na dire a ƙasa, na ɗauko fartanya na jingine a bango. Duk wannan abin kakanku bai kalli kwamfutar ba ko sau ɗaya, yatsun ƙafarsa yake kallo. Malam Bukar ya yi gyaran murya ya ce to, tunda an faɗa, ai sai a dakata. Sauran dattawan suka kama, wannan ya ce a yi haƙuri, wancan ya ce baɗi ma shekara ce. Kakanku ya bari suka gama, sannan ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Na ji, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ya shige ɗakinsa ya saki labule. Da zagina ya yi da na sami abin riƙewa. Na tattara kwamfutata a gaban mutanen da kowannensu ya kawar da kai, na nemi takalmina na rasa ƙafa ɗaya a cikin na maza, sai da na duƙa ina lalube.

Kafin azahar labari ya kai gidanmu na Yola. Dada ta zo a keke, ba ta ko zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba.

"Ni na haife ki kuwa? A bakin titi, gaban maza, ki buɗe baki a kan surukinki?"

"Dada, da ya tafi kashe shi za a yi."

"Ko gaskiya ne, ba ke za ki faɗa ba, kuma ba a can ba. Kin zubar mini da pulaku, kunyarmu ta Fulani, a ƙofar gidan mutane. Da wane ido zan gaishe shi?"

Na ce mata rai ya fi kunya. Na faɗa da ƙarfi, domin a lokacin ina ganin ni kaɗai ce mai ƙarfin hali a gidan. Ta dube ni kawai, ta gyara mayafi ta tafi. Abin da ya karya ni ya zo bayan 'yan kwanaki, muna tsince wake da Goggo Hauwa a tsakar gida. Ba da faɗa ta yi maganar ba, idonta na kan tire.

"Ke kin ɗauka bai sani ba ne? Ranar da muka gudu, a kan dutse muka ɓuya. Muna kallo wuta yana cin gari. Shi ya nuna mini hayaƙin rumbunsa."

"To, me ya sa ya ce in duba?"

"Don a ce masa da sauƙi, ya samu bakin tafiya. Shi ya sani, ni na sani, mijinki ya sani. Tsoho ne, so yake in mutuwa ne ya same shi a gonarsa. In ba a faɗa a fili ba, kowa zai yi addu'a a sallame shi, ba laifin kowa. Yanzu kin faɗa gaban maza. Wa zai bar shi ya tafi, a ce ya ji ya yi shiru? In ya tafi wani abu ya faru, ɗansa za a zaga har ya mutu."

"Sawun babur fa?"

"Wannan kam bai sani ba. Ko ya sani ma zai tafi."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa ci gaba da tsintar waken. Abin da na ɗauka tsoro ne ashe aiki ne suke yi su duka, kowa ya san rabonsa a ciki. Tsohon ya tambaya don a rufa masa asiri, 'ya'yansa sun amsa don su sallame shi da mutuncinsa, dattawan sun yi kamar ba su sani ba don kada nauyi ya hau kansu. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurina. A gidan da na tashi, in an ce majiyyaci ya ji sauƙi kowa ya san ya fara neman mayafin zuwa gaisuwa. Na san wannan tun ina yarinya, amma ranar da aka taɓa sakamakon aikina sai na mance, na ga kuskure ne da ya kamata in gyara da jan biro. Na tsaya gaban mutumin da ya ga wutar da idonsa ina koya masa inda ɗakinsa yake.

Bai ƙara zama ƙarƙashin dalbejiyar nan ba, dattawan ma suka sauya wurin hira. Kafin sati ya zagayo ya aiko Goggo Hauwa ta ce wani mutumin yankinsu da ke ƙauyen Namtari a bayan gari ya ba shi aron ɗaki da 'yar gona, shi ba ya iya zaman gari da damina. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma wannan karon na gane ba sai an fassara mini ba. Ya tafi ba tare da ɓacin baki ba, Goggo Hauwa ta bi shi. Duk abin da na aika ana karɓa a yi godiya. Daga nan dangi suka ce matar boko ta kori tsoho, ban kuma tsaya musu ba, don ban ga ta inda zan fara ba. Babanku ya yi makonni ba ya haɗa ido da ni. Abin da ya taɓa faɗa a kan maganar, har ya koma ga Allah, jimla ɗaya ce, wata rana yana sa takalmi.

"Ni ya kamata in faɗa masa, kuma ba zan iya ba."

Akwai wani abu da ban taɓa gaya muku ba. Hotunan nan su suka ɗaga sunana a aiki. Na ci gaba da bin garuruwan da aka watsa, ina auna yadda gonaki ke komawa daji in babu mai noma, na rubuta, aka gayyace ni taro a ƙasar waje. Na tsaya gaban farin allo na nuna Gindin Dutse da yatsan nan dai, aka tafa mini, wani ma ya ce hoton ya yi kyau. Na dawo masauki na kasa cin abinci. Yau garin ya sake tashi, jinka ta koma kwano, ɗalibai na buɗe shi a wayarsu cikin minti ɗaya. Abokan aiki da suka san labarin sukan ce mini na ceci rai. Ni ban sani ba. Ba na kuma ce muku da na yi shiru, domin in aka mayar da ni safiyar nan da abin da na gani a hoton, ban tabbata ƙafata za ta tsaya a bakin mota ba.

Malam Bukar, wanda ya fara cewa a dakata, shi bai dakata ba. Ba a gabansa aka nuna ɗakinsa ba, ba kuma surukarsa ce ta yi magana ba, don haka bayan 'yan makonni ya bi wasu suka tafi. Da kaka sai ga shi a Dubeli, ya rame ya yi baƙi amma lafiyarsa ƙalau. Ya ce masu babur na wucewa jefi-jefi, in sun ji ƙara sai su hau dutse su kwanta. Ya ce a wani ƙauye can gaba an kashe mutane a gona, su dai Allah ya tsare. Ya noma tasa, ya kuma shuka wani yanki na gonar amininsa, ga rabin buhun dawa ya kawo masa. Babanku ya yi tafiya sarin kaya, don haka ni na sa buhun a mota na kai Namtari.

Na tarar da kakanku zaune a inuwar zana. 'Yar gonar aron tana bayansa, ƙasa mai yashi, karan dawar sirara. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi kaina a ƙasa, kamar yadda na saba kafin ranar nan, ya amsa yana kallon wani wuri. Goggo Hauwa ta janyo buhun gabansa ta gaya masa daga inda ya fito. Ya kwance bakin da kansa, ya tura hannu har wuyan hannu, ya ɗebo ya shinshina, ya sa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna.

"Na gonar gabas ne. Bukar ya dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya bar dawar tana zuba ta tsakanin yatsunsa tana komawa buhu. Ina durƙushe inda nake, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

"Hauwa, ki ce mata na gode da ɗawainiya. Wannan kuma kada a taɓa. Iri ne, baɗi da kaina zan kai shi."

Bai ga baɗin ba. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana kaɗan ya rasu, aka binne shi a Namtari cikin mutanen da bai sani ba. Ranar sadakar uku jama'a suka zo fiye da yadda aka zata, 'yan gudun hijirar yankinsu kaf, abincin da aka tanada ya kasa. Goggo Hauwa ta shiga ɗakinsa ta janyo buhun nan, bakinsa ɗaure yadda ya ɗaure shi. Matan da ke wurin duk sun san ko mene ne. Aka kai inji aka niƙo, aka dawo da garin a babban baho, wata ta waiga tana neman mai hannu a sake, sai ta miƙo mini rariya. Na zauna a bayan ɗakin na tankaɗe shi duka.